Tafiyata Ankara Wurin Ilu Mai Babban Goge

Tun da na dawo daga Ankara ta ƙasar Gana mutane ba su bar ni na huta ba. In na fito daga masallaci a tare ni, in na shiga kasuwar Zakirai a tare ni. Wannan ya ce, "Sale, wai da gaske ruwan teku gishiri ne?" Wancan ya ce, "Wai kai ne ka tashi kana ihu a gaban Turawa?" Na ba da labarin ya fi a ƙirga, amma kullum sai in tsallake wuraren da ba su yi mini daɗi ba, in tsaya a kan teku da abinci. Shi ya sa na nemi takarda na zauna. Bokona bai wuce aji huɗu ba, wanda ya ga kuskure ya gyara. Sai dai wannan karon ba zan rage komai ba, har da abin da yake na jin kunya.

Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, makaɗin gangar noma ne. Duk gayyar da za a yi a ƙauyukan nan shi ake kira. Mu biyu ya bari maza, ni da ƙanena Ilu. Ni na ɗauki garma, Ilu ya gaji kunnen Baba, sai dai shi goge ya so, ba ganga ba. Da hannunsa ya haɗa nasa, da ƙwarya da fatar guza da izgar doki da ya roƙo a gidan dagaci.

Yaran yanzu ba su san take ba sosai, bari in yi bayani. Duk manomin da ya isa, makaɗi yakan yi masa wani ɗan kiɗa da yake nasa shi kaɗai. In aka kaɗa takenka a gona, makaɗi zai ɗaga hannu ya bar maka fili, kai kuma ka ɗaga garma sama ka amsa da kirarinka. Sau uku ake kiran mutum. Wanda aka kira sau uku bai amsa ba ya wulakanta makaɗi, kuma ba za a sake kaɗa takensa ba har abada. Nawa Baba ne ya yi mini ina saurayi. Gangar tana cewa, "Sha-rana na Inna, garma ta gaji, kai ba ka gaji ba." Ni kuma in amsa, in rufe da cewa ni ɗan mai ganga ne.

Wannan ƙarshen shi ya zo ya dame ni. Shekarar da Baba ya rasu na shiga neman aure a gidan wasu mutane da in an ambaci makaɗi sai su taɓe baki. Na kai musu gayya gonarsu, ban kira makaɗi ba da gangan. Ana cikin noma sai ga Ilu, yana ɗan shekara goma sha bakwai, da gogensa a kafaɗa. Tunaninsa tunda Baba ba ya nan, shi zai tsaya mini. Ya goga takena, ya ɗaga izga, wato bakan gogen, ya bar mini fili. Na sunkuyar da kai na ci gaba da noma. Wani cikin yayyen yarinyar ya ce, "Ango, ga ɗan'uwanka maroƙi yana kira." Aka kwashe da dariya. Ilu ya sake gogawa, na biyu ke nan. Na ajiye garma, na je na fizge gogen, na sa shi a ƙasa na taka ƙwaryar ta fashe.

Bai yi kuka ba, bai zage ni ba. Ya koma gida da izgar kaɗai a hannu, ya ajiye ta a ƙofar ɗakin Inna. Kafin kaka ya bar garin. Matar da na yi abin dominta ita ta fara gaya mini, bayan aure, cewa ran nan kunya ta ji, ba alfahari ba.

Shekara goma sha takwas ba labarinsa. Sai a shekara ta biyu ta farin nan, lokacin da gero ya bushe a tsaye, rumbuna suka zama ɗakin kaji, muna cin tuwon dusa da miyar tafasa, wani mai fataucin goro ya kawo wa Inna wasiƙa da hoto. Idon Inna ya riga ya yi rauni, ni ta ba in karanta. Ilu ne. Ya ce yana Ankara, ya yi aure, kiɗa ne sana'arsa. A ƙarshe ya jero gaisuwa: kawunnai, gwaggonni, maƙwabta, liman, har ya tambayi ko jakin Baba yana nan. Sunana babu. Ni kuwa da na zo wurin sai na ce, "Yana kuma gaida Yaya Sale."

Inna ta ce, "Maimaita wurin nan."

Na maimaita.

Ta ce, "Ni na haife ka. Muryarka ta canza. Ba ya ciki, ko?"

Na fara naɗe wasiƙar. Ta miƙo hannu ta karɓi takardarta ta cusa a ƙarƙashin matashi. Ta ce, "Ba za ka ƙara karanta mini wasiƙa ba. Idona ya tafi, ƙarfina yana bin sa. Ina so in shafa fuskar Ilu kafin in kwanta dama. Kai ka kore shi, kai za ka je ka zo da shi." Ta ɗaure mini daddawa da kuka a tsumma, sannan ta ciro izgar nan daga bayan jeren kwanukanta ta sa a jakata.

Guzurin tafiya ba ni da shi. Allah ya haɗa ni da Alhaji Bawa mai fataucin shanu, wanda yake lodi zuwa Ikko, don a lokacin kowa sayar da dabbobinsa yake yi kafin su mutu a hannunsa. Yana neman mai ƙarfi da zai hau saman mota ya riƙa tayar da saniyar da ta faɗi, kada 'yan'uwanta su tattake ta. Na ce ga ni. Shanun duk ƙashi ne da fata. Akwai wata ja da ta sa ni a gaba, ko ina aka yi gargada sai ta zube. In sauka tsakanin ƙahoni in murɗa mata wutsiya, ta tashi ta saka mini da harbi. Sau ɗaya ta tura ni na zauna daram cikin kashinsu. Alhaji ya leƙo daga gaban mota ya ce, "Sale, ka sami taki kyauta, ga shi ba gona a kusa."

Da muka ƙetare Kwara sai idona ya ga abin da ya ɓata mini rai. A wajenmu gona tana jingine da gona, ko inda akuya za ta kwanta yana da mai shi, taki ma a jaki muke ɗauko shi daga birni. Can kuwa daji ne kore shar, ruwan sama yana zuba a kansa, ba mai nomawa. Na ce wa Alhaji, "Dubi ruwa yana zuba a banza." Ya ce, "Tara a hularka ka kai gida."

A kasuwar shanu ta Ikko muka sauka, na kwana biyu a rumfar dillalai a kan buhu. Alhaji ya damƙa ni a hannun wata Hajiya Kande mai fataucin atamfa, Bakanuwa ce, amma ta shekara ashirin tana bin hanyar Ankara. Ta dube ni daga sama har ƙasa, ta toshe hanci da mayafi, ta ce, "Alhaji, wannan zan kai? To a wanke shi tukuna." Ita ta nuna mini yadda zan riƙe takardar tafiyata, ta ce in an tambaye ni abu in kalle ta kafin in buɗe baki.

Iyaka uku muka ƙetare a yini ɗaya. A ta farko wani ma'aikaci mai Faransanci ya zazzage jakata. Ya ɗaga izgar yana juya ta, ya yi magana. Hajiya ta ce, "Wai ga baka, ina kibau?"

Kun ga halin mutum. Na yi tafiyar kwanaki don in nemi gafarar Ilu, amma abin da ya fito daga bakina shi ne, "Ba tawa ba ce, saƙon wani ne."

Hajiya ta ce, "Wane ne wanin?"

Na ce, "Ƙanena. Ta goge ce."

Ta ce, "To ka ce ta ƙanenka ce mana. Goge sata ne?"

Ta gaya wa ma'aikacin. Ya ɗora izgar a hannunsa yana kwaikwayon mai goge, abokansa suna dariya. Da ya shinshini daddawa sai fuskarsa ta sake, ya ce uwarsa mutuniyar arewa ce, da ita take miya. Na ɓallo masa ɗaya, ya karɓa da hannu biyu.

A Kwatano Hajiya ta sayo wani burodi dogo mai tauri, na ɗauka sanda ce ta saya don karnuka. A Lome hanya ta bi bakin teku, mota ta tsaya don azahar. Na ga ruwa iya ganin ido, na ce yau zan yi alwala ba tare da tsimi ba. Na kurkure baki na tofar da sauri, kafin in miƙe ruwan ya biyo ni ya tafi da takalmina ɗaya. Da ɗaya na shiga ƙasar Gana. Hajiya ta ce in gode Allah teku ba ta son Kanawa, da ni ta ɗauka.

A Ankara akwai zango, unguwar Hausawa, har da masu waina da masu koko. Na tambayi gidan Iliyasu mutumin Zakirai, ba wanda ya sani. Hajiya ta ture ni gefe ta ce wa wata mai waina, "Mai babban goge muke nema." Nan take mutum biyar suka taso. Mai wainar ta ce, "Ilu namu? Wanda ake sa shi a rediyo? Kai ɗan'uwansa ne?" Ta cika mini ganye da waina ta ƙi karɓar komai. Na ci ina jin nauyi. Abin da na shekara goma sha takwas ina ɓoyewa, shi mutanen nan suke tinƙaho da shi.

Da na yi sallama a gidan, shi ya fito. Furfura ta fara masa a gefen kai, goshin Baba sak. Na buɗe hannu, shi kuwa ya miƙo nasa ɗaya ya ce, "Sannu da zuwa, Malam Sale." Malam Sale. Tun da ya iya magana bai taɓa kirana da wani suna ba sai Yaya. Ya ba ni ruwa, ya ba ni tabarma, ya tambayi Inna, ya tambayi kowa ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi damina. Babu abin da ya rage na haƙƙin baƙo. To a matsayin baƙon ya ɗauke ni.

Matarsa ce ta sauƙaƙa mini zama. Sunanta Abena, ma'aikaciyar jinya ce, tana jin Hausar zango. Ta ce a wurinsu duk macen da aka haifa ran Talata haka ake kiranta. Na ce ashe Talatu ce, da haka na riƙa kiranta. Ita kuwa tun daga ƙofa Yaya take ce mini. Ta kawo mini dokunu, wani tuwon masara mai tsami da ake naɗewa a ɓawon masara, da soyayyen kifi da barkono. Yunwar shekara biyu tana cikina, na kama na gatsa har da ɓawon. Ina ta tauna abu ya ƙi wucewa, ina cewa, "Madalla, ya yi daɗi." Talatu ta yi dariya har ta zauna a ƙasa. Ta ce, "Yaya, ana tuɓe masa riga! Akuya ce take cin rigar." Na saci kallon Ilu, na ga gefen bakinsa ya motsa, ya yi sauri ya gyara fuska.

Bayan cin abinci na ba shi saƙon Inna. Da ya ga izgar ya daɗe yana kallonta. Gashin duk ya tsitstsinke, saura kaɗan. A hanya na shirya maganar da zan faɗa, na maimaita ta a saman motar shanu ya fi sau ɗari. Amma da na buɗe baki sai na ce, "Inna ta ce ka zo gida."

Ya ce, "Inna ta ce. Kai fa?"

Na ce, "Ai bana ma ruwa bai yi ba. Gonar gabas ko iri ba mu mayar ba."

Ya ce, "Allah ya kyauta." Ya tashi da izgar ya shiga ɗaki.

Washegari na ga babban gogen. Celo suke ce masa. Na katako ne, ba ƙwarya ba, tsayinsa ya kai ƙirjina, tsirkiya huɗu, da wata ƙafa ta ƙarfe da ake kafawa a ƙasa. Zama ake yi a rungume shi tsakanin gwiwoyi. In ya ja ta ƙasa sai ka ji kamar bijimi yana nishi, in ya hau sama kamar mace tana rarrashin ɗa. Abin da ya ba ni mamaki, izgarsa ita ma gashin doki ce, kuma ƙaro yake goga mata kamar yadda yake yi a gida. A gabansa akwai takarda mai layuka da ɗigo-ɗigo baƙaƙe, kamar akuya ta bi ta kan kunyoyi ta yi kashi. Wai kowane ɗigo murya ce.

Yana goga ƙaro ya ba ni labarinsa a taƙaice, bai dube ni ba. Daga gida Sabon Gari ya faɗa, ya bi wasu makaɗa 'yan Gana yana ɗaukar musu kaya. A Ankara wani tsohon malamin kiɗa ya ji shi yana goga wani goge na aro, ya ɗora shi a kan celo, ya koya masa karatun takardar nan shekara da shekaru, har aka tura shi Turai ya ƙaro. A can ya haɗu da wasu baƙaƙen Amurka masu wani kiɗa da ake kira jaz, wanda ba a bin takarda, kowa yana sauraron ɗan'uwansa yana ba shi amsa. Ya ce, "Malamina ya koya mini inda zan sa yatsa. Su kuma suka tuna mini da Baba, wanda bai taɓa kaɗa take iri ɗaya sau biyu ba, sai ya kalli manomin tukuna. Yanzu haɗa su nake yi. Masu takarda suna cewa na ɓata musu kiɗa, masu jaz suna cewa na cika tsari." Ya hura ƙurar ƙaron ya ce, "Na saba. Ba yau aka fara ce mini kiɗana bai dace da wuri ba."

Na ji ta har cikin ƙashi.

Ran Alhamis na bi shi wurin gwaji. Wani babban zaure ne, makaɗa sun fi arba'in a zaune da takardunsu, ga wani a tsaye a gabansu da ɗan tsinke yana kaɗa iska, shi bai riƙe komai na kiɗa ba, kuma wai shi ne babba. Na tsaya neman ruwa a waje, da na shigo sun fara. Na ga mutane a zaune, sai na yi abin da aka koya mini, na ɗaga murya na ce, "Salamu alaikum!" Kiɗa ya tsaya cak. Mai tsinken ya juyo. Wani mai ƙaho daga baya, ashe Musulmi ne, ya ce, "Wa alaikumus salam," aka fashe da dariya. Ilu ya sunkuyar da kai. A hanyar gida ya ce mini, "Malam Sale, a nan ba a magana in ana kiɗa. Ko tari ba a yi." Na ce na ji. Na ga abin mamaki ne, a ce ana yi maka kiɗa kana zaune kamar a zaman makoki. A wurinmu makaɗin da aka yi wa shiru ai an kashe shi.

Ran Asabar bayan la'asar yake da wasansa na kansa a wannan zaure. Ran Lahadi kuma Hajiya Kande za ta juya, da ita zan koma. Har lokacin Ilu bai ce zai zo ba, bai ce ba zai zo ba, ni kuma na kasa faɗar kalma ukun nan, "ka yafe ni." Talatu ta wanke mini rigata ta goge, ta samo mini takalmi, ta zaunar da ni kusa da ita a layi na uku. Ta ce, "Yaya, ka riƙe bakinka. In ka ga na tafa, ka tafa." Zauren ya cika da manyan ma'aikata da matansu, da Turawa da yawa.

Da farko shi kaɗai ya fito, ya yi na takarda. Ban gane kansa ba, amma na ga yatsunsa suna tafiya kamar na masaƙi, na ga wani tsoho a gefena ya rufe ido. Na riƙe bakina. Aka tafa, na tafa.

Sannan mutum uku suka fito, mai ganguna, mai ƙaho da mai fiyano. Ilu ya kwashe takardun daga kan abin da ake ɗora su ya ajiye a ƙasa. Ya sa hannu a cikin rigarsa ya ciro tsohuwar izgar nan, ya ɗora ta a wurin takardun.

Suka fara. Wannan ya faɗa, wancan ya amsa, kiɗan yana yawo kamar hira a bakin kasuwa. Ilu ya bi su can, ya dawo nan, wani lokaci ya ajiye izga ya riƙa tsinkar tsirkiya da yatsa. A hankali na ji abin yana karkatowa wani wuri da na sani. Na ji tafiyar gangar noma a ƙarƙashi. Sauran suka yi ƙasa da nasu. Sai ga shi ya fito fili, da muryar bijimin nan, a hankali, ba gaggawa: Sha-rana na Inna, garma ta gaji, kai ba ka gaji ba.

Ya ɗaga izga sama. Ya bar fili.

Mai ganguna ya tsaya da sandunansa a iska yana kallonsa, don shi ma bai san abin da ake jira ba. Zauren ya yi tsit. Mutum ɗari da wani abu, ni kaɗai na san abin da shirun yake nufi. Ran gayya sau biyu ya kira ni kafin in taka gogen. Wannan shi ne na uku. Bai dube ni ba, idonsa yana kan tsohuwar izgar.

Ba zan yi muku ƙarya ba, abin da ya fara zuwa mini shi ne irin na da. Me mutanen nan za su ce? Baƙauye ya tashi yana ihu a cikin manya. Shekaranjiya ma na ba shi kunya. Sai na ga hannunsa ya fara saukowa.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Garma babu, na cire hulata na ɗaga sama, na buɗe murya irin ta gona:

"Ni ne Sha-rana na Inna! Na sha rana, rana ba ta sha ni ba! Gonar gabas ta san ni, ta yamma ta san ni! Ni ne ɗan mai ganga!"

A nan kirarin yake ƙarewa tun asali. Amma bakina bai tsaya ba. Na ce, "Ni ne yayan mai goge! Ni na fasa, shi ya gyara!"

Wani mai tsaron ƙofa ya nufo ni, Talatu ta miƙe ta tare masa hanya da jakarta. Ilu kuwa ya sauke izga a kan tsirkiya da ƙarfi, ya mayar mini da amsa, mai ganguna ya cafke, mai ƙaho ya shigo, suka ɗauki takena suka juya shi ta hanyoyin da Baba ma bai taɓa kai shi ba. Ina tsaye da hula a hannu hawaye yana zuba, ban share ba. Da aka gama mutane suka miƙe suna tafi, wasu suna juyowa suna tafa mini. Ashe sun ɗauka shiri ne. Wata Baturiya ta riƙe hannuna tana ta magana, Talatu ta ce wai tana tambaya a wace makaranta na koya. Na ce ta gaya mata a gonar gero.

Na same shi a ɗakin baya yana share gogen da tsumma. Ya ɗago ya ce, "Yaya, ka makara. Shekara goma sha takwas hannuna yana sama."

Na durƙusa na ce, "Ilu, ka yafe ni."

Ya ce, "Tashi, kada a ga babba a ƙasa. Muryarka ma ta tsufa."

Na ce, "Da ban amsa ba fa?"

Ya ce, "Uku ne, Yaya. Ba ni na kafa dokar ba."

Tare muka dawo, har da celo, wanda aka ba shi kujerarsa shi kaɗai a mota kamar Alhaji. A kowace iyaka sai an ce a buɗe akwatin, don kama yake da makara. A ta ƙarshe mutumin daddawa ya gane ni, ya ce ba za mu wuce ba sai an goga masa. Ilu ya zauna a kan buhun atamfar Hajiya Kande ya yi masa, tana faɗa wai za a ɓata mata kaya, ƙafarta kuwa tana bin kiɗan.

Da muka iso gida Inna ta shafa fuskarsa tun daga goshi har haɓa, ta daɗe a kan furfurar. Sannan ta ce a kawo mata gogen. Ta shafa shi daga wuya har ƙasa ta ce, "Wannan ai ya isa aure." Ilu ya yi kwana goma sha biyu. Ruwa bai sauka don ya zo ba, tuwon dusa muka ci tare da shi, da 'yar masarar da ya taho da ita. Amma kullum da yamma tsakar gidanmu cike take, har surukaina sun zo sun zauna a gaba.

Bayan komawarsa da wata biyu mai goron nan ya sake kawo wasiƙa. Ina gyaran danga na ji Inna tana kira. Na zo na tarar da takardar a cinyarta. Ta miƙo mini ta ce, "Karanta."

Na buɗe. Bayan gaisuwarta, kafin kawunnai, kafin liman, ya rubuta, "Ina gaida Yayana Sha-rana, ɗan mai ganga." Na karanta da ƙyar.

Inna ta ce, "Maimaita wurin nan."

Na maimaita.

Ta ce, "Yanzu ma muryarka ta canza. Amma wannan yana ciki. Ci gaba."